Shekarar da Inna Ta Ƙi Ajiye Azumi

Bana damina ta ƙi sauka da wuri a Bauchi. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, mata su fito su kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi, a kwana cikin zafi. Ina zaune a Gwallameji, a gidan hayar ɗana Habu, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da aka shafe da siminti. Da rana simintin nan yakan ɗauki zafi har kaza ba ta iya taka shi. Famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa, wuta kuwa mun daina sa rai da ita. Habu keke mai ƙafa uku yake ja, ba nasa ba, na wani ne, kuma tun da mai ya yi tsada mutane suka koma tafiya a ƙafa. Matarsa Rabi tana da ciki. Tukunya sau ɗaya take ɗorawa a yini, ta ce wai zafi ne ya hana kowa cin abinci.

Ni yanzu aikina zama. Nakan ja tabarma in bi inuwar katanga, in ta matsa in matsa. To a irin zaman nan ne, idan hadari ya watse, ƙasa ta fitar da wani wari kamar na tukunyar da aka manta a kan wuta, sai in ji na koma wata shekara da ta wuce tun kafin a haifi Habu.

A lokacin muna Fadaman Mada. Unguwar ba ta cika kamar yau ba, gidajen ƙasa ne, kana fita bayansu sai fili da itatuwan ɗorawa. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana Malam Salihu, Allah ya jiƙansa, da mahaifiyarsa Inna Yalwa, da 'yar farina da nake goyo. Inna ce ta laƙaba mata Ladi don ranar Lahadi aka haife ta, ni ma da sunan nake fakewa. Malam magini ne da rani, manomi da damina. Gonarsa tana hanyar Gubi, ta gadon mahaifinsa ce, in ka fita bayan sallar asuba kana isa kafin rana ta yi zafi. Shi ne autan Inna, sauran 'ya'yanta wasu sun mutu, wasu aure ya yi nisa da su, saboda haka Auta take kiransa har ya yi gemu.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba. Mun shiga rani da rabin rumbu. Aikin gini kuma ya tsaya, don wanda bai ƙoshi ba ba ya tunanin katanga. Malam yakan fita da cebur da ɗan cokalinsa na gini ya zaga gari, ya dawo da su a bushe. Kafin bazara ta yi nisa, in ya shiga rumbu ɗebo hatsi sai mu ji ƙafarsa tana taka ƙasan rumbun.

Inna ce take auna abinci. Kowace safiya za ta zauna a bakin ɗakinta da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe, ta auno gero ta miƙo min. Da farko tana cika ƙwaryar har ta yi tozo. Daga baya ta koma shafe bakin da tafin hannu. Daga baya kuma geron ya daina isa wajen ɗinkin. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. In karɓa in surfa, in bakace, in wanke, in kai niƙa.

Mai injin niƙan unguwarmu wata Inyamura ce, Maman Cidi, mijinta yana sayar da kayan keke a kasuwa. Doguwa ce, mai murya, kullum gashin girarta fari fat da gari. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ita ta fi kowa sanin halin da gidajen unguwar suke ciki, don tana ganin roba tana ƙanƙancewa a hannun kowa. Wata rana ta kalli abin da na kawo ta ce, "Amarya, wannan ko inji ba zai ji shi ba." Ta niƙa, sannan ta sunkuya ta share garin da ya zuba a ƙarƙashin injin, ta tankaɗe shi ta ƙara min. Tun daga ranar ta mai da shi al'ada. Garin yakan zo da ɗan ƙamshin baƙin mai, amma a tuwo ba a ji sosai.

Ruwa ma ya zama aiki. Rijiyar gidanmu ta ƙafe, sai ta maƙwabta. Maza suka shiga suka yashe ta, suka ƙara mata zurfi har suka tarar da dutse. Ruwan yakan taru a hankali kamar hawaye. Mata mukan jeru tun da duku-duku, kowa da guganta, a zura a jira, a jawo rabin guga ja wur kamar kunun kanwa. A zuba a randa ya kwanta, na sama a sha, na tsakiya a yi girki, na ƙasa a yi wa yara wanka, sannan a zuba wa zogale. Zogalen nan uku da ke bayan ɗakin Inna su suka riƙe mu. Mun tsige su har suka koma kamar sanduna.

A haka azumi ya same mu, a tsakiyar zafi. Ban taɓa ganin azumi irin wannan ba, kafinsa ko bayansa. Kafin azahar harshe ya manne da ganɗa. Ɗakin kwano ba ya shiguwa. Mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin a jima ya bushe a jikinmu. Malam ya ce in sha tunda ina shayarwa, amma na ga ko na sha babu abin da zan ci da rana, sai na ɗauka tare da kowa. Buɗa-baki kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa da kwaɗon zogale. Ƙuli-ƙulin ma sai a daka guda biyu a barbaɗa don a ce an sa. Bayan isha a ci tuwo da miyar kuka, a rage ɗan ɗumame na sahur.

Azumi bai yi nisa ba ruwan farko ya sauka. Da yamma ya zo, da iska da tsawa, ya yi ta zuba har kwata ta cika. Yara suka fita tsirara suna tsalle. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta miƙa hannu ruwan yana dukan tafinta, tana ta hamdala. Washegari gari ya waye babu namiji a unguwar, kowa ya nufi gona.

A lokacin ana gayya. Yau a taru a gonar wane, gobe a ta wane. Da yake azumi ne babu furar da ake kai wa 'yan gayya, sai dai su fita da asuba su yi abin da za su iya kafin rana ta take. Akwai wani Bafillace da ya zauna a bayan unguwarmu, Bappa Ardo, yana da shanun huɗa, shi yake bin gonakin da su a ba shi kara da kaka. Ranar gonar Malam aka shuka gero, aka gama kafin hantsi ya ɗaga sosai. Ya dawo da laka har gwiwa, fuskarsa a sake, ya ɗauki Ladi yana cilla ta sama.

Geron ya tsiro. Malam ya ce in ka tsaya a bakin gonar sai ka ga kamar an shimfiɗa koren zare layi-layi. Daga nan sama ta rufe bakinta. Rana ta fito kamar ba a taɓa yin ruwa ba. Kullum zai je ya duba, kullum ya dawo da ƙarancin magana. Tsiron ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. Wata rana ya dawo da ɗan tsiro a hannu, ya murza shi a gaban Inna, ya zama gari.

Inna ta ce, "Akwai sauran iri. Allah bai manta da mu ba."

Aka yi ruwa na biyu ana cikin goman ƙarshe. Bai kai na farko ba, amma ya jiƙa ƙasa. Wannan karon babu gayya, don kowa tasa ta ƙone, kowa yana sauri ya sake shuka kafin danshi ya tafi. Shanun Bappa Ardo kuwa sun rame har ba sa iya jan garma. Malam ya tsaya a tsakar gida da sungumi a kafaɗa yana duban ƙasa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa zuwa gona ba. Inna ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Kulu, goya yarinyar ki bi shi. Yau ba ranar kunya ba ce."

Na goya Ladi na ɗauki ƙwaryar iri. Shi yana gaba yana sara rami, ni ina binsa ina jefa ƙwaya ina rufewa da diddige. Ƙasar tana da sanyi a sama da safe, amma kafin hantsi ta fara ƙona tafin ƙafa. Ladi ta yi kuka har ta gaji, na sauke ta na ba ta nono, ta ja ta ja ta saki, babu abin kirki. Muna kusa da gamawa idona ya yi duhu, na durƙusa a kan kunyar gonar. Malam ya jawo ni ƙarƙashin wata ƙirya, ya jiƙa hularsa da ruwan da muka kawo wa yarinya ya ɗora min a ka.

Ya ce, "Ki sha ruwan nan, Kulu. Allah ya san halin da kike."

Na ce, "Saura layi kaɗan, Malam."

Muka ƙarasa. Muka kamo hanyar gida.

Wannan shukar ko tsirowa sosai ba ta yi ba. Wadda ta leƙo rana ta cinye, wadda ta rage a ƙasa tururuwa da tsuntsaye suka tone. Aka yi Sallah babu ɗinki. Bayan Sallah aka fita roƙon ruwa a filin idi. Maza suka juya rigunansu, aka fito da yara da tsofaffi, har da awaki. Inna ta dage sai ta je, ta tafi tana dogara sanda. Liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Da yamma hadari ya haɗu, ya yi baƙi, aka fara jin ƙamshin ruwa daga nesa, sai ya zagaye gari ya wuce yamma. Mun tsaya a tsakar gida muna kallonsa yana tafiya.

Daga nan yunwa ta shigo gida sosai. Geron rumbu ya ƙare. Malam ya sayar da tunkiyar Inna da izininta, ya sayo masara da garin rogo. Nama ya yi arha a lokacin, don shanun Fulani suna faɗuwa ana yankawa kafin su mutu, amma nama ne baƙi, babu kitse, ka dafa shi yini guda yana nan kamar igiya. Muka koma tafasa da rama da duk ganyen da ya yi ƙarfin halin fitowa a bakin kwata. Dusar da a da muke ba tunkiya, ita muke tankaɗewa mu haɗa da gari. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai. Takan sa mutum jin sanyi a tsakiyar rana, ta sa ka tashi ɗauko abu ka manta me ka zo ɗauka, ta sa kukan yaronka ya riƙa zuwa maka kamar daga gidan maƙwabta.

Kowa ya ajiye azumi da Sallah, amma Inna ranar idi kawai ta huta. Washegari ta ce za ta yi Sitta Shawwal. Babu wanda ya yi mamaki, ta saba. Da ta gama ta ce akwai ramuwa a kanta tun na shekarun haihuwa, ba ta tabbata ta biya duka ba, gara ta biya tun tana da rai. Da wannan ya ja, ta ce ai Litinin da Alhamis ba a barinsu, ga kuma na tsakiyar wata. Kullum da dalilinta. Idan na dama kunu da safe na kai mata, sai ta ce, "Na ɗauka yau, 'yar nan. Ki shanye, ke ce mai shayarwa." Da magariba ta sha ruwa, ta ɗan taɓa tuwo loma biyu, ta turo min kwanon ta ce cikin mai azumi ba ya son nauyi. In na ce a ajiye mata na sahur, ta ce ita goro ya ishe ta.

Maman Cidi ce ta fara faɗa da baki. Ta shigo gaida Inna wata rana da ɗan garin rogo a ƙullin leda, ta ce a jiƙa mata. Inna ta yi godiya ta ce tana azumi. Da na raka ta zaure ta riƙe hannuna ta ce, "Amarya, wannan tsohuwa azuminsa ba ya ƙarewa ne? Na ga Musulmi da yawa, ban ga irin wannan ba. Ka duba wuyansa. Ba azumi yake yi ba, abinci yake bar muku."

Na koma na dubi wuyan Inna. Na dubi zoben azurfar da ta mayar babban yatsa don ya daina zama a inda yake. Da Malam ya dawo na gaya masa. Ya shiga ɗakinta ya durƙusa, ina tsaye a bakin ƙofa.

Ya ce, "Inna, don Allah ki huta da azumin nan. Jikinki ba zai ɗauka ba."

Ta ce, "Auta, yaushe ka fara shiga tsakanina da Ubangijina?"

Ya ce, "Ba haka ba ne, Inna. Abincin zai ishe mu duka."

Ta ce, "Ni na ce bai isa ba? Ibada nake. In kana da abin da ya fi ta ka kawo."

Ya sunkuyar da kai. Ya tashi ya fita. Ya je ya samo wani dattijon malami a unguwar ya zo ya yi mata nasiha, cewa jiki ma yana da haƙƙi. Ta saurara da ladabi, ta ce ta gode, ta ci abinci a gabansa. Kwana biyu ta ajiye, a na uku ta ce ta yi mafarki da mahaifiyarta, za ta yi mata sadakar azumi. Na yi dabara iri-iri. Na ce na ƙoshi, ta ce to a ba yarinya. Na ce in ba ta ci ba ni ma ba zan ci ba, ta ce to mu zuba wa Ladi ido mu ga wanda zai fara jin kunya. Ban taɓa cin nasara a kanta ba ko sau ɗaya.

Akwai wani tulu a ƙuryar ɗakinta, an liƙe bakinsa da laka. Irin dawa ne a ciki, an cakuɗa shi da toka don ƙwari. Farar dawa ce mai manyan ƙwaya, da ita ta zo daga gidan mahaifinta lokacin aurenta, kowace shekara ita take zaɓar kawunan da suka fi kyau ta ajiye. Shi kaɗai ne hatsin da ya rage a gidan.

Da ruwa ya dawo, lokaci ya riga ya ja. Wasu sun haƙura da shekarar, sun tafi neman aiki Jos da kudu. Malam ya ce zai shuka dawar. Na same shi a zaure yana gyara sungumi, na yi ƙasa da murya.

Na ce, "Malam, dawa tana son dogon ruwa, kai ka fi ni sani. Lokacinta ya wuce. A bar ta a daka, in riƙa dama wa Inna. In ta ga dawar gidansu ce, wataƙila ta sha."

Ya ce, "In muka cinye, da kaka mu girbe me?"

Na ce, "In muka zuba a ƙasa ta tafi kamar na baya fa? Ga tsohuwa tana ƙarewa a gabanmu."

Ya ajiye sungumin a gefe. Na san ya kusa yarda. Sai muka ji muryar Inna daga ɗaki, ashe tana ji.

Ta ce, "Ku zo nan." Muka je. Tana kishingiɗe, ta nuna tulun da haɓa. "Iri ba abinci ba ne. Na ga yunwar da ta fi wannan ina yarinya, ubana bai taɓa wannan dawar ba. Auta, fasa bakin ka ɗauka. Ke kuma Kulu, kada ki sake kawo maganar nan, ko kin dama ba zan sha ba."

Haka muka sake komawa gona, shi da sungumi, ni da ƙwarya.

Wannan karon ruwa ya tsaya. Ya yi ta zuba kamar yana biyan bashin baya. Gari ya yi kore, kwaɗi suka cika dare da kuka, rijiyoyi suka kawo har ana ɗiba da hannu. Katangarmu ta baya ta jiƙe ta zube. Amma ruwa ba a cinsa. Tsakanin shuka da girbi nan ne yunwa ta fi tsanani, ga sauro, ga zazzaɓi. Malam ya riƙa yin ƙwadago a gonakin masu hali da safe, a ba shi ɗan hatsi, da yamma ya yi noman tasa shi kaɗai.

Zazzaɓin ne ya kama Inna. Ba wani mai tsanani ba ne, irin wanda a da za ta sha sassaƙe ta tashi. Amma bai tarar da komai a jikinta ba. Ta kwanta. A nan ne ta ajiye azumi, lokacin da ko ta so ci cikin ba ya karɓa. In ba ta kunu cokali biyu, ya dawo. Muka kai ta asibiti a bayan amalanke, aka ƙara mata ruwa, aka ce a riƙa ba ta abinci mai gina jiki. Muka dawo da ita gida.

Kullum Malam ya dawo daga gona sai ta tambaye shi, "Yaya dawar?" Ya ce tana nan tana tashi. Wata rana ta ce tana so ta gani. Ya tsinko mata ganye ɗaya, faffaɗa, kore shar, ya sa mata a hannu. Ta shafa shi, ta kai hanci ta shinshina.

Ta ce, "Ta yi kyau. Bana za ku ci tuwo." Ta juyo wajena. "In an girbe, ke za ki zaɓi na iri. Ki duba kan da ya sunkuya don nauyi, kada ki ɗauki mai tsayi."

Na ce, "Ke za ki zaɓa da kanki, Inna."

Ta yi murmushi. Bayan kwana kaɗan ta rasu, da hantsi, ana yayyafi. Maman Cidi ta rufe injinta yini guda, ta zo ta zauna da mu a tsakar gida da ɗankwali a ka. Waɗanda suka je maƙabarta suka ce ƙasa ta yi laushi, haƙan bai ba su wahala ba, gawar kuma babu nauyi.

Abu ɗaya nake gode wa Allah a kai, ta tafi tana ganin dawar za ta yi. Don ba a daɗe da sadakar bakwai ba ruwa ya ɗauke. Ya ɗauke ɗif, tun dawa tana shirin fitar da kai. Ta yi tsayi har ta fi mutum, ta fitar da kan, amma babu ƙwaya. In ka kama ka murza sai ƙaiƙayi. Babu kai ko ɗaya da ya sunkuya, duk suna tsaye suna kallon sama. Malam ya yi ta zuwa yana dubawa har karan ya bushe. A ƙarshe ya ce wa Bappa Ardo ya kora sauran shanunsa su cinye. Irin gidan su Inna a nan ya ƙare.

Ba mu mutu ba. Ladi ta rayu, tana can gidan mijinta, ko da yake har yau ƙaramin jiki gare ta. Aikin gini ya dawo a hankali. Amma Malam bai sake zama manomi da zuciya ɗaya ba. Yakan yi shuka don kada a ce ya bar gonar ubansa, ba ya tsayawa kallon hadari. Da gari ya matso, ya sayar da gonar, muka yi ta cin kuɗin har suka ƙare. Ya ƙarasa rayuwarsa yana ɗora bulo a gidajen mutane, har bayansa ya ƙi. Kwanaki Habu ya bi da ni ta hanyar Gubi a kekensa, na ce ya tsaya in duba. Ɗakunan haya na ɗalibai ne a wurin, da shagon cajin waya. Ko ƙiryar ban gani ba.

A wancan lokaci mun san abin da muke jira. Ana duban gabas, ana cewa in ruwa ya sauka. Maƙwabci ya san tukunyarka, kai ma ka san tasa. A nan Gwallameji kowa da ƙofar ƙarfensa, ban san sunan matar da ke bayan katangarmu ba. Hatsi kuwa ga shi nan tsibi-tsibi a kasuwa, ba fari ne ya hana mu shi ba.

Shekaranjiya ruwan ya sauka. Da la'asar ya zo, mai ƙarfi, har ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Rabi ta fito da bokitai da robobi ta jera a bakin indararo. Muna cikin haka Habu ya shigo a ƙafa, jiƙe sharkaf, babu keke. Ya zauna a bakin ƙofa bai cire rigar ba. Na tambaye shi lafiya, ya ce mai keken ya karɓe abinsa, zai sayar. Ya ce gobe zai fita ya ga abin da Allah zai yi.

Muka zauna mu uku muna kallon ruwa yana dukan siminti yana fita ta kwata. Rabi ta dafa cikinta, ta matso kusa da ni.

Ta ce, "Mama, ku da kuka ga jiya, tunda ruwa ya sauka ai abinci zai yi sauƙi, ko?"

Na dube ta. Yarinya ce, watanta ya kusa, idonta ya faɗa. Habu ma ya ɗago yana jiran abin da zan ce.

Na ce, "Jawo wancan bokitin, ya cika. Sa wani."